Rairayin bakin teku: tsakanin laifi da bashi

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ba su gargaɗe mu cewa wani ilimin yakan zo ya dagula wa matafiyi daɗin tafiyarsa ba. A watan Agusta na shekarar 2022, lokacin babban hutun makarantu, na kwashi iyalina daga Maraɗi zuwa Lome, babban birnin ƙasar Togo, inda yayana ya daɗe yana sana'ar fiton kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa gida. Mu shida ne: ni da maiɗakina, da yaranmu uku, da mahaifiyata, wadda ta haura shekara saba'in ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarumfa faɗi ba. Muka bi ta Doso da Gaya, muka ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, muka gangara har Kwatano. Yankin da ya rage, wanda hanya ke bin gaɓar teku, da dare muka ratsa shi, don haka ba mu ga komai ba sai fitilun motoci. Abin da ya faru da mu ranar Lahadin da ta biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, domin ya bar mini wata tambaya da har yau nake juyawa a zuciya: idan mutum ya ji daɗin wani abu, daga baya ya gano cewa wani ne ya biya kuɗinsa da hasara, me ya hau kansa?

Yammacin Lahadi a bakin ruwa

Duk wanda ya san Lome ya san babban titin nan da ya bi bakin teku, tun daga kan iyakar Gana a Aflawo, wadda take manne da birnin ta yamma, har zuwa tashar jiragen ruwa ta gabas. A gefe ɗaya akwai gine-gine, cikinsu har da tsohuwar fadar gwamna wadda Jamusawa suka gina tsakanin 1898 da 1905, aka gyara ta aka mai da ita gidan al'adu a 2019. A ɗaya gefen kuwa itatuwan kwakwa ne jere, bayansu rairayi shimfiɗe, bayan rairayin kuma ruwa. Da la'asar ɗin Lahadi gari yakan tuɗo can. Samari na buga ƙwallo, iyaye na zaune a inuwa da yaransu, masu talla na zagayawa, masunta kuma sun yi layi suna jan taru da waƙa. Can cikin ruwa ana hango ƙafafun tsohuwar gadar ƙarfe da Faransawa suka gina a 1928 domin sauke kaya, duk tsatsa ta cinye su, nesa da su kuma manyan jiragen ruwa sun jeru suna jiran a ba su wuri a tasha.

Daga bakin titi zuwa inda ruwa yake, sai da muka yi tafiya mai ɗan tsawo cikin rairayi, muna riƙe da hannun Inna. Da muka isa ta tsaya shiru har na fara tunanin ko tsoro ne ya kama ta. Can ta juya wajen yayana ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Ya ce, "Inna, ido ba ya kai mata." Ta duƙa ta jira kumfa ta iso ƙafarta, ta ɗiba da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Ikon Allah! Ruwa har haka, amma ba ya kashe ƙishirwa, ba ya raya gero." Yara suka bushe da dariya. An riga an gargaɗe mu cewa tekun wannan yanki yana da ja, yakan fizge mutum daga ƙasa, don haka ba wanda ya shiga. Suka dai yi ta tsere da igiyar ruwa, suna gina ɗakuna da jiƙaƙƙen rairayi. Ni kuwa na zauna ina kallon mahaifiyata da jikokinta, na ce a raina ko don wannan yammaci kaɗai kuɗin mota bai tafi a banza ba.

Wata mata mai sayar da kwakwa ta zo ta sauke tirenta kusa da mu. Ta ce kowace ɗaya dala arba'in, ni kuma bisa al'adarmu ta kasuwa na taya dala talatin, muka yi ta ja har ta sallama. Tana fere mana da adda, sai na ce wa ɗan yayana, wanda aka haifa a can kuma yake jin harshen Mina, ya gaya mata lalle Allah ya yi musu baiwa da wannan rairayi mai faɗi. Ta yi murmushi ta amsa da ƴan kalmomi, ta nuna gabas da bakin addarta. Yaron ya ɗan yi jim, sa'an nan ya fassara: "Baba, ta ce wannan rairayin nasu ne, tsare shi aka yi a hanya bai isa garinsu ba. Ta ce gidan mahaifinta, da rijiyarsu, da kushewar kakanta, duk suna cikin ruwa yanzu." Ta karɓi kuɗinta ta ɗora tire ta yi gaba. Ba ta yi maganar da fushi ba, kamar dai mai ba da labarin farashin hatsi.

Yadda rairayi ke tafiya

A matsayina na malamin makaranta na ji kunya, domin na sha koyar da taswirar Afirka ta Yamma ban san wannan ba. Da na bincika sai na tarar maganar matar nan gaskiya ce tsantsa. A wannan gaɓa igiyar ruwa ba ta bugun ƙasa kai tsaye, a karkace take zuwa, saboda haka kullum tana turin rairayi daga yamma zuwa gabas, kamar kogi mai gudu a hankali wanda ido ba ya gani. Kowane gari na bakin ruwa yana rasa rairayi ta gabas, yana samun wani ta yamma, shi ya sa gaɓar take zaune daram shekara da shekaru. Mafi yawan rairayin kuwa kogin Bolta na ƙasar Gana ne ke kawo shi teku.

Abubuwa biyu suka karya wannan tsari cikin ƴan shekaru. A 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Bolta domin samar da lantarki, sai rairayin da kogin ke kawowa ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. A 1968 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda doguwar katangarta ta duwatsu ta kutsa cikin teku. Rairayin da ke tahowa daga yamma ya ci karo da katanga ya tsaya, ya yi ta taruwa, bakin ruwan birnin ya yi ta faɗaɗa. A gabashin katangar kuwa igiyar ruwa ba ta daina ɗiba ba, alhali babu mai mayar da abin da ta ɗiba, sai ta koma cin ƙasa. Gonakin kwakwa suka tafi, gidajen masunta suka tafi, hanyar mota da ta haɗa Lome da Aneho ma sau biyu teku yana haɗiye ta ana sake shata wata daga ciki. Ƙasar da duk tsawon gaɓarta bai wuce kilomita 50 da ƴan kai ba, wannan hasara ba ƙarama ba ce a gare ta. Ɗibar rairayin teku domin gini ya ƙara tsananta lamarin har hukuma ta hana shi a 2011, ga kuma hauhawar ruwan teku da ɗumamar yanayi ke jawowa.

Ke nan filin da ƴaƴana suka yi wasa a kai, wanda mahaifiyata ta taka ta ga ikon Allah, shi ne ƙasar da ta ɓace a ƙarƙashin ƙafafun waɗansu mutane kilomita kaɗan daga wurin. Abin bai tsaya nan ba. Tashar da ta tsare rairayin tana cikin ƙofofin da ƙasashen da ba su da teku, wato Burkina Faso da Mali da Nijar, ke shigo da kayansu. Shinkafa da sukari da atamfa da kayan gyaran mota da ke kasuwar Maraɗi, wani kasonsu ta nan ya biyo, kuma da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 sai dogaronmu ga wannan tasha ya ƙaru. Kuɗin motar da ya kai mu Lome ma, yayana ne ya cika mini shi daga ribar fiton kaya. Ashe ni ba ɗan kallo ba ne kawai, ina cikin masu cin moriya.

Amsoshi uku a kan tabarma ɗaya

Da dare, bayan yara sun yi barci, muka zauna a tsakar gida na tayar da maganar. Amsoshi uku suka fito, kuma na lura su ne dai amsoshin da ɗan Adam ya saba bayarwa a duk inda irin wannan tambaya ta taso.

Yayana ya ce, "Kai dai ka cika sa wa kanka damuwa. Ni na gina katangar? Lokacin da aka gina ta ko haihuwata ba a yi ba. Wanda bai yi laifi ba, ba ya biyan tara." Ni kuwa a lokacin na karkata ga wani gefen, na ce raina ya ɓaci, da na sani da ban kawo yara wurin ba, kuma ba ni da niyyar komawa. Inna tana jinmu tana jan carbi, sai da muka gama ta ce, "Ku duka biyu kun sauka daga kan hanya. Kai babba, ba wanda ya ce ka yi laifi, amma ka ci. Kai kuma ƙarami, fushinka ba zai fito da gidan uban matar nan daga ruwa ba. Abin da na gani dai shi ne, ka rage mata dala goma a kan kowace kwakwa."

Na daɗe ban ji maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Da na natsu sai na ga tsohuwar ta rarrabe abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa, wato laifi da bashi. Laifi yana bukatar aiki da sani, wani lokaci har da niyya. Wanda bai aikata ba, bai umarta ba, bai kuma san ana yi ba, ba a ɗora masa laifi, kuma a nan yayana yana da gaskiya. Bashi kuwa ba ya tambayar niyya, abin da yake tambaya shi ne: me ya shiga hannunka, kuma daga ina ya fito? Magajin da ya tarar da gonar mahaifinsa ta ci iyakar maƙwabci bai yi sata ba, amma daga ranar da ya sani, kowane damin da ya ɗauka a wannan kuyya yana da magana a kansa. Harshenmu ya tanadi kalma domin wannan, ita ce haƙƙi. Mukan ce haƙƙin wani ya hau kan mutum, kamar kaya, ko da bai ɗora wa kansa da gangan ba. Kakanninmu kuma sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, sun kuma zargi mai cin moriyar ganga ya ya da kwaurenta. A duka karin maganar biyu ba a ambaci mugunta ba, ci kawai aka ambata.

Kuskuren yayana shi ne ya ɗauka wanke kai daga laifi ya isa ya wanke shi daga bashi. Kuskurena kuwa ya fi nasa ɓoyuwa, don haka ya fi haɗari. Na mai da bashi ya zama baƙin ciki, na ɗauka idan na hana kaina da ƴaƴana jin daɗi to na biya wani abu. Alhali ƙaurace wa bakin ruwa ba zai mayar da ko ƙwayar rairayi ɗaya gabas ba, illa ma ya rage wa mai kwakwa masu saye. Irin wannan ɓacin rai yana kama da tausayi, amma idan aka tona shi, son kai ne ya sake riga: mutum yana neman ya ji shi mai tsabta ne, ba ya neman wanda aka cuta ya samu sauƙi. Ga shi kuwa a daidai lokacin da nake yabon rairayi na matse matar a ciniki, ban ji komai ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Adalci ne a saurari masu ja da wannan magana, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko zai ce: tashar nan tana ciyar da dubban gidaje a Togo da maƙwabtanta, madatsar Akosombo kuma ta haskaka birane, har ita kanta mai kwakwar a bakin ruwan da ya faɗaɗa take samun abincinta. Shin so ake a zauna ba a gina komai ba? Amsa ita ce a'a. Babu al'ummar da za ta rayu ba ta taɓa ƙasa da ruwa ba, kuma kowane babban aiki yana da kuɗin da ba a rubuta a takardar kwangila ba. Tambayar ita ce wa ya biya wannan kuɗi, an shawarce shi, an kuma rama masa? Idan amfani ya watsu a kan miliyoyi, hasara kuma ta taru a kan ƴan ƙauyuka, to yawan masu amfana ba ya shafe haƙƙin ƴan kaɗan ɗin, ƙara nauyinsa ma yake yi, domin abin da zai wadatar da su ƙanƙane ne idan aka raba shi a kan masu ci. An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba: an jera shingayen duwatsu a wajejen Aneho tun ƙarshen shekarun 1980, kuma shirin WACA da Bankin Duniya ya soma tallafawa a 2018 ya ƙara waɗansu. Wannan kansa shaida ce cewa an yarda akwai bashi.

Na biyu zai ce: idan aka bi wannan hanya ba za a ga ƙarshenta ba. Rigar da ke wuyanmu, da wayar da ke aljihunmu, da shayin da muke sha, kowanne idan aka bi sawunsa za a tarar da gumin wani da ba a biya daidai ba. Mutum zai haukace ke nan. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ganin bashin yana da daraja-daraja. Yana yin nauyi gwargwadon sanin mutum, da yawan abin da ya ci, da kuma ikon da yake da shi na gyarawa. Abin da ke kan hukumar da ke karɓar kuɗin fito ya fi abin da ke kan ɗan kasuwa, abin da ke kan ɗan kasuwa ya fi abin da ke kan baƙon da ya zo shan iska. Amma ƙanƙantar rabo ba ta mai da shi babu. Ba a ce mutum ya ɗauki duniya a ka ba, an ce dai kada ya runtse ido daga abin da aka nuna masa da bakin adda.

Na uku zai ce: kai baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, me ya kai ka tsoma baki a sha'anin ƙasar mutane? Na yarda ba ni da murya a majalisar Togo, kuma ba ni da niyyar koya wa kowa yadda zai tafiyar da gaɓarsa. Sai dai darasin ya biyo ni har gida, inda nake da murya.

Mu ma muna da gabas da yamma

Mutumin Maraɗi bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba, domin ya ɗanɗana zama a gabashin katanga. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratso ƙasarmu, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya a kansa a ƙarshen shekarun 1980, zuwan ruwa a fadama ya sake, kuma duk dattijon da ya yi noma a bakin gulbi zai ba da labarin yadda ambaliya take kwanciya a da ta bar laka mai albarka. Manomin da ke ban ruwa a ƙarƙashin madatsar bai yi wa kowa mugunta ba, kamar yadda ƴaƴana ba su yi wa kowa mugunta a Lome ba. Duk da haka ƙasashen biyu sun ga akwai haƙƙi a tsakani, har suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai. Idan muna so na sama da mu su tuna da mu, da wane baki za mu ce ba ruwanmu da na ƙasa da mu?

A wani wurin kuma mu ne a yammacin katanga. Itacen da ake dafa tuwo da shi a gidajen birnin Maraɗi, da yawansa daga dajin Baban Rafi yake fitowa. Uwargidan da ta hura wuta ba ta sare itace ko ɗaya ba, amma matan ƙauyukan da ke kewaye da dajin su ne tafiyar neman kara da kirare take ƙara yi wa nisa. Rijiyar burtsatse mai zurfi da mai hali ya haƙa a lambunsa tana iya janye ruwan rijiyar maƙwabcinsa talaka. Ledar da muka yar a unguwa, akuyar wani ce za ta haɗiye ta. Kowane ɗayanmu yana da mai kwakwarsa, sai dai yawanci ba ta zuwa ta sauke tire a gabansa.

Me za a gaya wa yara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu malamai da iyaye. Maiɗakina ta ce kada in ɓata wa yara hutunsu, kuma ta yi gaskiya. Yaro yana da haƙƙin ya yi murna da teku ba tare da an ɗora masa nauyin da ba shi ya ɗauko ba. Mun koma bakin ruwan har sau biyu kafin mu taso, na bar su suka yi wasansu, ban ce musu komai ba. Na nemi matar ban gan ta ba, na dai sayi kwakwa wurin wata ban taya ba, ina sane da cewa wannan ba biyan bashi ba ne, gyaran hali ne kawai.

Ranar komawa da safe muka taso, don haka yankin da muka ratsa cikin duhu da zuwa, wannan karo mun gan shi da rana. Muka biyo ta Aneho, tsohon garin da ya riƙe hedikwatar mulkin Jamusawa kafin a mai da ita Lome a 1897. A hanya akwai wuraren da ruwa ya matso har ana ganin kututturan kwakwa da guntayen bango a bakinsa, ga shingayen duwatsu baƙaƙe sun miƙe cikin teku. Babbar ƴata, mai shekara goma sha biyu, ta ce, "Baba, ina rairayin nan ya tafi?" A nan ne na ba su labarin, daga kogin Bolta har zuwa katanga, da abin da mai kwakwa ta faɗa. Ban ce musu sun yi laifi ba, domin ba su yi ba. Na ce musu dai wurin da suka yi wasa aro ne, kuma yana da kyau mai aro ya san mai kaya.

Ina ganin wannan shi ne aikinmu a aji. Mun iya koyar da sunayen koguna da tsawon gaɓoɓi da shekarun da aka buɗe tashoshi, yara su haddace su rubuta a jarrabawa. Abin da muke mantawa shi ne mu ɗora tambaya ɗaya a kan kowane darasi: wa ke ƙasa da wannan ruwa, wa ke bayan wannan katanga? Yaron da ya saba da wannan tambaya, in ya girma ya zama injiniya ko magajin gari ko ɗan kasuwa, zai yi ta kafin a zuba harsashi, lokacin da amsarta take da amfani. Ƙungiyoyinmu na al'adu ma suna da rabonsu, domin wasan kwaikwayo da gasar rubutu da zaman tattaunawa suna iya kawo muryar mutanen gabas zuwa kunnen mutanen yamma.

Kammalawa

Abin da na tsinta a wannan tafiya shi ne, jin daɗi halal ne ga wanda bai yi zalunci ba, amma godiyar da ba ta san hannun da ya biya ba ragaggiya ce. Biyan irin wannan bashi yana farawa da yarda cewa akwai shi. Daga nan sai ambaton masu shi, da sassauta hannu idan mun haɗu da su a ciniki, da rage ɓarna a abin da muke ci, da ɗaga murya a inda muryarmu take da nauyi domin a rama wa wanda aka tauye. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar mutum ya ɗaure fuska ko ya hana ƴaƴansa dariya.

Inna ta dawo Maraɗi da kwalba ɗaya ta ruwan teku, ta yi ta ba ƙawayenta suna ɗanɗanawa suna tofarwa. Autanmu kuwa ya so ya taho da rairayi cike da leda, ita ce ta sa ya juye shi a inda ya ɗebo tun kafin mu bar bakin ruwa, ta ce masa akwai masu jiransa a gaba. Duk lokacin da take ba da labarin teku, bayan ta gama da girmansa da gishirinsa da jiragen da ke kansa, takan rufe da cewa akwai wata mata can wadda gidan ubanta yake cikin ruwa, Allah ya musanya mata da mafi alheri. Masu sauraro sukan ce amin.